Ella Sheppard: 'Yar Baiwa Da Ta Gina Makaranta Da Waƙa

Za mu duba tarihin wata baiwar Allah daga ƙasar Amurka mai suna Ella Sheppard, wadda ta yi kusan shekara bakwai tana bisa hanya tare da wata ƙungiyar mawaƙa ta 'yan makaranta, suna bin gari gari suna waƙa domin kada a rufe makarantarsu. Duk wanda ya taɓa raka 'yan kwaya tafiya, ko ta kwana biyu ce, ya san abin ba wasa ba ne: ga neman abinci, ga wurin kwana, ga wanda zazzaɓi zai kama a tsakar dare, ga wanda muryarsa za ta dushe ana gobe waƙa. To, ita wannan mata da nata yaran sun haɗu da duk waɗannan, sa'an nan aka ƙara musu da wulakanci saboda launin fatarsu.

An haifi Ella ran 4 ga Fabrairu 1851 a kusa da birnin Nashville na jihar Tennessee. A cikin bauta aka haife ta. Uwarta Sarah baiwa ce a gidan dangin Andrew Jackson, wanda ya taɓa zama shugaban Amurka. Ubanta Simon Sheppard shi ma bawa ne, amma ubangidansa ya yarda masa ya riƙa aikin keken doki a cikin gari yana biyan wani abu, yana ajiye saura. Da haka ya tara dala 1,800 ya fanshi kansa. An yi masa alkawari za a sayar masa da matarsa ita ma, amma da lokaci ya yi uwargidan ta ƙi.

Akwai wani abu da ya faru tun Ella tana 'yar shekara uku, wanda ita da kanta ta ba da labarinsa bayan ta manyanta. Sarah ta gane cewa uwargidan tana jan yarinyar da ɗan abin daɗi, tana koya mata ta riƙa kawo rahoton abin da uwarta ke yi da abin da take faɗi. Baƙin ciki ya cika Sarah, ta ɗauki 'yar ta nufi kogi da nufin su nutse tare, gara mutuwa da ta ga an mai da 'yar cikinta 'yar leƙen asirinta. A hanya wata tsohuwar baiwa ta tare ta, ta hana ta, ta ce mata Ubangiji yana da aiki da wannan yarinya, har wata rana za ta tsaya a gaban sarakuna. Sarah ta komo. Daga baya aka yarda Simon ya sayi 'yarsa a kan dala 350. Ku dubi wannan: uba ya ƙirga kuɗi ya biya domin a ba shi 'yar da ya haifa. Ita kuwa Sarah aka tafi da ita jihar Mississippi, uwa da 'ya suka rabu.

Simon ya sake aure, ya auri wata baiwa mai suna Cornelia, ya biya dala 1,300 ya fanshe ta. Amma bai yi mata takardar 'yanci a kotu ba, saboda haka a idon doka ita dukiyarsa ce. Da sana'arsa ta karye bashi ya hau kansa, sai ya ji labari masu binsa bashi za su iya kama matarsa su sayar. Ya kwashe iyalinsa suka gudu zuwa Cincinnati ta jihar Ohio, inda babu bauta. A can Ella ta shiga makaranta, a can kuma aka gane tana da baiwar kiɗa, ubanta ya samo mata tsohon piyano. Wata Baturiya malamar waƙa ta yarda ta koya mata, amma da sharaɗi: sai da dare za ta zo, ta ƙofar baya, kuma kada kowa ya sani.

A shekarar 1866 cutar kwalara ta kashe Simon. Bai bar komai ba sai bashi, har piyanon aka ɗauke. Ella tana 'yar shekara goma sha biyar, ga ta ba mai ƙarfin jiki ba ce, ta shiga wanki da guga da aikatau domin su ci. Bayan haka ta sami aikin koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi a garin Gallatin na Tennessee. Wata biyar ta yi tana koyarwa, abin da ta iya ajiyewa bai wuce dala shida da 'yan kai ba. Da wannan kuɗi ta isa makarantar Fisk a Nashville a shekarar 1868, kayanta duka a cikin wani ɗan akwati wanda ƙanƙantarsa ta sa samarin makaranta suka riƙa yi mata ba'a.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan makaranta. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, aka 'yanta bayi kusan miliyan huɗu, yawancinsu ba su san ko harafi ɗaya ba, domin a jihohi da yawa na kudu doka ta hana a koya wa bawa karatu. Wata ƙungiyar mishan mai suna American Missionary Association ta buɗe Fisk a watan Janairu 1866. Wannan ƙungiya tushenta yana da dangantaka da Afirka ta Yamma, gama ta fito ne daga cikin mutanen da suka tsaya wa 'yan ƙabilar Mende na Saliyo da aka sato a jirgin ruwan nan Amistad. An buɗe makarantar a cikin tsofaffin ɗakunan katako na asibitin soja. Yara da tsofaffi suka cika azuzuwa. An ba da labari cewa ɗalibai sun tono tsofaffin sarƙoƙi da mari a filin da dā ake tsare bayi kafin a sayar, suka sayar da ƙarfen suka sayi Littafi Mai Tsarki da littattafan koyon karatu. Amma kafin shekara biyar katakon ya fara ruɓewa, rufi yana yoyo, malamai ba albashi, abinci ya yi wuya. Kowa ya ga makaranta ta kusa mutuwa.

Ma'ajin makarantar wani Bature ne mai suna George White, ɗan maƙeri daga jihar Niyok, tsohon soja. Bai yi zurfin karatu ba, amma yana da kunnen waƙa. Ya tattara ɗalibai masu murya yana koya musu. Da ya ga Ella ta iya piyano sai ya mai da ita mataimakiyarsa, ta zama baƙar fata ta farko cikin masu koyarwa a Fisk, tana karatu tana koyar da kiɗa. White mutum ne mai zafin rai da naci. Abin da ya fi nema wurin mawaƙansa shi ne su iya sassauta murya ƙasa ƙasa har kamar raɗa, amma kowace kalma ta fita sarai, kuma muryoyin su haɗu har ba a iya ware ta wani. Shugabannin kwaya da ke ganin ƙarfin murya shi ne iyakar waƙa, ga abin lura.

Shi ne ya kawo shawarar a fita da ɗaliban zuwa arewacin ƙasar su yi waƙa a tara kuɗi. Shugabannin mishan ba su goyi baya ba, wasu malamai suka ce hauka ne, iyaye kuma suna tsoro. White ya kwashe abin da ya rage a asusun makaranta, ya ci bashi da sunansa. Ran 6 ga Oktoba 1871 suka shiga jirgin ƙasa. Su tara ne aka fi tunawa da su: mata biyar, wato Ella Sheppard, Maggie Porter, Jennie Jackson, Minnie Tate da Eliza Walker, da maza huɗu, wato Isaac Dickerson, Benjamin Holmes, Greene Evans da Thomas Rutling. Yawancinsu an haife su cikin bauta. Minnie Tate 'yar shekara goma sha huɗu ce kawai, Ella kuwa, wadda ake kallo kamar babbar yaya, shekararta ashirin. Wata malama, Mary Wells, ta bi su domin lura da 'yan matan, ta kuma zo da wani ƙaramin yaro mai suna George wanda yakan yi hadda a gaban jama'a tsakanin waƙa da waƙa. Tufafin da suka sa ma na aro ne daga wurin malamai.

Watanni biyu na farko azaba ce zalla. Sun tashi ne a daidai makon da gobara ta cinye birnin Shikago, hankalin masu bayarwa duk ya koma can. Kuɗin da suka fara samu a jihar Ohio bai kai dala 50 ba, kuma duk da yunwar da ke jiransu suka ba da shi dukansa gudummawa ga mutanen Shikago. Ga yadda tafiyar take: White yakan riga su zuwa gari na gaba ya nemi majami'a ko zaure, ya buga sanarwa, ya nemi masauki, ya bar Ella da yaran. Ita ce mai koyar da waƙa, ita ce mai kaɗa piyano, ita ce mai ba da murya a fara, ita ce mai sulhu in an yi faɗa. Sau da yawa baikon da aka tara bai isa kuɗin masauki da na jirgi ba, sai White ya tsaya a gaban jama'a ya roƙi a taimaka musu su kai gari na gaba.

Maganar masauki ita ce ta fi ciwo. A garin Chillicothe otel biyu suka ƙi karɓarsu, na uku ya karɓe su da sharaɗin ba za su ci abinci tare da sauran baƙi ba. A wani gari ɗakin da aka ba 'yan matan ya yi ƙazanta har suka kwana a naɗe cikin rigunansu na ruwa. A tashoshin jirgi akan kore su daga ɗakin jira. Sanyi kuma ya shigo, irin sanyin da ruwa ke daskarewa, su kuwa 'yan kudu ne ba su da manyan riguna. Ella ta yi makonni tana taka ruwa da ƙanƙara da takalmin ƙyalle. Ta kamu da ciwo har likita ya ce lalle ta koma gida, ta ƙi, domin ta san in ta tafi babu mai riƙe ƙungiyar.

Akwai kuma wani abin da ya sa mutane ba su ɗauke su da daraja ba da fari. A zamanin nan akwai Turawa 'yan wasa masu shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata domin a yi dariya. Jama'a da yawa sun zo ne suna tsammanin irin wannan wasa, sai suka tarar da samari da 'yan mata cikin natsuwa suna waƙar ibada. A birnin Newark wani mai otel ya karɓi ajiyar ɗakuna yana zaton irin waɗancan Turawa ne, da ya ga ashe baƙin na ainihi ne sai ya kore su.

Da fari yawancin waƙoƙin da suke yi na Turawa ne, domin su nuna cewa ɗan bawa ma zai iya. Waƙoƙin da iyayensu suka yi a gonakin auduga da wuraren sujada na ɓoye ba su so su fito da su a fili. Ella ta bayyana dalili daga baya: waƙoƙin suna tuna musu da bauta da abubuwan da ake so a manta, sa'an nan kuma abu ne mai tsarki a wurin iyayensu, ba na nishaɗin baƙi ba. A hankali, cikin ɗaki a rufe, suka fara koya wa juna abin da kowa ya ji a bakin uwarsa. Ella ce ta zauna ta rubuta da yawa daga cikinsu da alamun kiɗa, ta shirya su murya huɗu. Waƙoƙi ne a kan Musa da Fir'auna, da Urdun, da Daniyel cikin ramin zakoki, da marmarin zuwa gida wurin Yesu. Suka lura cewa duk lokacin da suka yi ɗaya daga cikinsu, zauren yakan yi tsit, har a ga manya suna share hawaye.

A watan Nuwamba 1871 fastocin ikilisiyoyin Congregational na ƙasar duka suna babban taro a garin Oberlin. Aka ba yaran ɗan lokaci a tsakiyar taro, fastoci suna ta hirarsu ba wanda ya kula. Daga can inda suke zaune suka fara ɗaya daga cikin waƙoƙin bayi da murya ƙasa ƙasa, surutu ya mutu da kaɗan kaɗan. Daga ranar labarinsu ya fara bazuwa cikin ikilisiyoyi. Ba da daɗewa ba, a garin Columbus, bayan White ya kwana yana addu'a, ya raɗa musu suna Jubilee Singers, wato Mawaƙan Jubili. Ya ɗauko sunan daga Littafin Firistoci sura 25, inda aka umarci Isra'ila su keɓe shekara ta hamsin, a saki bayi, kowa ya koma ga danginsa da gādonsa.

Ƙofar ta buɗe sosai a watan Disamba, sa'ad da Henry Ward Beecher, mai wa'azin da ya fi kowa suna a Amurka a lokacin, ya karɓe su a majami'arsa ta Plymouth a Brooklyn. Ya buɗe jakarsa a gaban jama'a ya ba da nasa, ya ce kowa ya yi haka. Wata jarida ta yi musu ba'a da sunan wulakanci, amma ba'ar ta ƙara jawo mutane. A 1872 suka yi waƙa a fadar shugaban ƙasa a gaban Shugaba Ulysses Grant, suka kuma koma Nashville da dala 20,000. Aka biya basusuka, aka sayi fili a kan tudu inda dā sansanin soja yake.

A 1873 suka haye teku zuwa Ingila, bayan kamfanonin jirgin ruwa da dama sun ƙi ba su ɗaki. A watan Mayu, a gidan wani basarake, Duke na Argyll, Sarauniya Biktoriya ta zo ta saurare su. Shekara kamar goma sha tara ke nan bayan maganar tsohuwar nan a hanyar kogi. Firayim Minista William Gladstone ya kira su cin abinci a gidansa, manyan ƙasa suka zauna tebur ɗaya da su, abin da ko otel na ƙauye a ƙasarsu ya hana su. Sun yi waƙa a babbar majami'ar Charles Spurgeon a Landan, sun kuma taimaka a tarurrukan farkawa na Moody da Sankey, shi Sankey ɗin nan da muka san sunansa ta wurin littafin waƙoƙinsa. Wannan tafiya ta kawo kusan fam 10,000. Da kuɗin waƙa aka gina babban bene mai suna Jubilee Hall, aka keɓe shi a watan Janairu 1876, yana nan tsaye har yau.

Sai dai a nan ne ya kamata a faɗi gaskiyar da masu ba da labarin nasara sukan tsallake. Da kuɗi ya fara shigowa, masu riƙe da makaranta suka fara kallon yaran kamar rijiyar da ba ta ƙafewa. Waƙa kusan kowane dare, tafiya da rana, ranar Lahadi kuma sujada biyu ko uku. A 1874 matar White, Laura, ta mutu da zazzaɓin taifot a Glasgow, shi kansa White ciwon huhu ya kwantar da shi, nauyin ƙungiya ya sāke komawa kan Ella. Benjamin Holmes, wanda ya yi gardama da shugabanni a kan yadda ake biyansu da yadda ake bi da su, ya rabu da ƙungiyar, tarin fuka ya kashe shi a 1875. A tafiya ta uku, wadda ta fara a 1875 ta kai su Holan da Jamus, wata mawaƙiya mai suna Julia Jackson ta sami shanyewar jiki. Shugaban makarantar, Erastus Cravath, yana matsa a ƙara yawan waƙa, White yana cewa muryoyin yaran za su lalace, mawaƙan kuma sun gaji har suna faɗa da juna. Ella ce a tsakiya, kowane gefe yana kawo mata ƙara. Littafin da take rubuta abin da ya faru kowace rana, wanda ke ajiye a Fisk, cike yake da labarin ciwo da gajiya da addu'a. Sun yi waƙa a gaban gidan sarautar Jamus a Potsdam, amma ƙarfinsu ya riga ya ƙare. A 1878 aka rushe ƙungiyar.

Jimlar abin da suka tara wa Fisk ya kai wajen dala 150,000. Amma yawancin waɗanda suka fita neman kuɗin ba su gama karatu a makarantar da suka ceta ba, ita Ella ma haka. A ganina wannan bashi ne da shugabannin suka ci, kuma aikin Ubangiji ba hujja ba ce ta a tatse ɗan wani har ya rasa abin da ya zo nema. Sai a 1978, shekara ɗari bayan rushewar ƙungiyar, jami'ar ta ba su digirin girmamawa, alhali duk sun riga sun kwanta dama. Wasunsu ma ba su koma Amurka da zama ba. Thomas Rutling da Isaac Dickerson sun zauna a Birtaniya har mutuwarsu.

Da abin da ta ajiye, Ella ta gina gida a Nashville ta zaunar da uwarta Sarah da ƙanwarta Rosa, wadda aka haifa bayan rabuwarsu. Matar da ta taɓa ɗaukar 'yarta zuwa kogi ta ƙare kwanakinta a ɗakin wannan 'ya, ta rasu a 1912.

A 1882 Ella ta auri George Washington Moore, wani fasto wanda ya yi karatu a Fisk. Suka zauna a birnin Washington inda yake kiwon wata ikilisiya, suka yi ta fama da gidajen giya da suka cika unguwarsu, suka kuma yi abuta da Frederick Douglass, tsohon bawan nan da ya zama babban mai yaƙi da bauta. A 1892 suka komo Nashville, mijin ya zama mai zagaya ikilisiyoyi da makarantun mishan a kudancin ƙasar. Gidansu yana kusa da makarantar, ɗalibai suna shiga suna fita. Ella ta ci gaba da koya wa sababbin mawaƙan Fisk yadda na farko suka yi waƙoƙin, ta ɗauki nauyin karatun 'yan mata da dama, tana kuma jawabi a tarurrukan mishan a kan halin da matan baƙar fata suke ciki. Ɗanta na fari ya zama likita.

Ta rasu ran 9 ga Yuni 1914 tana da shekara 63, aka binne ta a Nashville. Ƙungiyar Jubilee Singers ta sāke tashi a Fisk, ɗalibai suna shiga suna fita tsara bayan tsara, har ta sami lambar Grammy a 2021, shekarar da ta cika 150. Kowace shekara ran 6 ga Oktoba jami'ar takan yi sujadar tunawa da ranar da yaran suka shiga jirgi, bayan sujada kuma ɗalibai sukan tafi maƙabarta su ajiye furanni a kan kaburburan mawaƙan farko da ke kwance a birnin, har da na Ella.